Shagunan haɗa dosiyen mishon a Yamai: ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

A kewayen ma'aikatun gwamnati da ke unguwar Filato akwai ƙananan shagunan buga takardu da fotokofi, waɗanda kowa ke kira sakatariya. Aikinsu na asali bai wuce buga wasiƙar neman aiki da ɗinke kundin ɗalibai ba, amma waɗanda suka daɗe a wurin sun ƙware a wata hidima ta dabam: ma'aikaci ya dawo daga mishon, wato tafiyar aiki, da takardu a cukurkuɗe cikin jaka, su buga masa jadawalin biya, su gyara zubin rahoto, su jera komai ya zama dosiye, wato tarin takardun hujja, yadda ofishin kuɗi ke so. Wannan hidimar muka auna, da idon masu karɓar dosiye su duba, ba da idon mai gaggawar karɓar kuɗinsa ba.

Hukuncinmu shi ne, shago mai kyau yana rage maka zirga-zirga ƙwarai, kuma kuɗin da yake karɓa ba su taka kara sun karya ba. Sai dai galibin dosiyen da ake mayarwa tun a kan hanya suka lalace, a Doso ko Ƙonni ko Tawa, kuma babu mai buga takarda a Yamai da zai iya ɗinke wannan ɓarakar ta hanyar halal.

Dalilin da ya sa ake tsanantawa

Kuɗin gwamnati ba sa fita sai sun taka matakai huɗu. Haka tsarin yake a ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, bisa ƙa'idojin bai ɗaya na 2009, waɗanda Nijar ta shigar cikin dokarta mai lamba 2012-09 ta 26 ga Maris 2012 kan kasafin kuɗi, da dikirin 2013 kan riƙon kuɗin gwamnati. Da farko a keɓe kuɗin daga layin kasafin da ya dace. Sai a tabbatar an yi aikin, a lissafa abin da ake bin gwamnati. Sai mai ikon ba da umurnin biya ya sa hannu. Daga nan kontabul na tirezor, wato akawun baitulmalin gwamnati, ya biya. Mai ba da umurni dabam, mai riƙe kuɗi dabam, doka ta hana mutum ɗaya ya haɗa biyun. A tsakani kuma ga mai sa ido kan kashe kuɗi, wanda aka saba kira kwanturola, shi ma sai ya buga hatiminsa.

Abin da masu ƙorafi kan manta shi ne, kontabul idan ya biya bisa takardun da ba su cika ba, doka tana iya bin sa kuɗin daga aljihunsa. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai karɓi "wallahi na je Keita" a matsayin hujja ba. Hatimin Keita yake so ya gani.

Kuɗin mishon suna fita ta hanya biyu. Ko a ba ka kafin ka tashi, gaba ɗaya ko wani kaso, ka dawo ka kawo hujjoji, ko kuwa ka ci bashin kanka ka tafi, ka dawo ka nemi a mayar maka. A ma'aikatu da yawa rajisa, wato mai riƙe kuɗin hannu na ofis, shi ke biya daga ƙaramin asusun da aka danƙa masa, shi ma ba a sake zuba masa kuɗi sai ya kai hujjar waɗanda ya kashe. Wato dosiyenka guda da ya maƙale yana iya tsayar da tafiyar abokan aikinka na wata mai zuwa. Adadin kuɗin kwana kuwa dikiri ne ya yanke shi, gwargwadon muƙamin ma'aikaci da kuma ko tafiyar ta cikin gida ce ko ta waje. Purojen da masu ba da tallafi ke ɗaukar nauyi suna da nasu ma'auni, wanda ba lallai ya zo ɗaya da na gwamnati ba.

Abin da shago mai kyau ke yi

Alamar farko tana bayyana tun kafin a kunna kwamfuta. A shagon da ya san aikinsa, mai bugun za ta karɓi takardar umurnin tafiya, ordur mishon, ta juya bayanta kafin ta karanta gabanta. Idan ta ga hatimin isowa babu na tashi, za ta ɗago kai ta ce, "Mushe, wa ya sallame ka daga Tawa?" Shagon da ya fara tambayarka shafi nawa za a buga, kuɗin fotokofi kawai yake nema.

Daga nan sai gaban takardar. Sunan ma'aikaci da matirikil, wato lambarsa ta aiki, muƙami, wurin da za a je, dalilin tafiya, ranar tashi da ranar dawowa, abin hawa, lambar mota da sunan direba idan motar gwamnati ce, layin kasafin da zai ɗauki nauyi, sa hannun shugaba da hatimi. Ranar da aka sa wa ordur hannu dole ta riga ranar tashi, ko su zo rana ɗaya. Ordur da aka sa wa hannu bayan an dawo yana jawo tambayoyin da ba wanda ke son amsawa.

Jadawalin biya shi ne ainihin abin da kake saye. Shagunan kirki suna yin sa a Excel, kowane layi da sunan mutum, matirikil, yawan kwanaki, kuɗin kwana guda, jimla, da gurbin sa hannu, kwamfuta ce ke tara lissafin. Masu ha'inci suna zana tebur a Word su tara da kalkuleta, to da zarar an cire mutum guda daga tawagar sai jimlar ƙasa ta zauna yadda take, kuma wannan kuskuren ba ya wuce idon kwanturola. A ƙarshen jadawalin ana rubuta jimlar da haruffa cikin Faransanci. Ko da yake Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, takardun kuɗi har yanzu da Faransanci suke tafiya, kuma rubuta lambobi irin su 80 ko 200 da haruffa yana kayar da ko waɗanda suka yi jami'a. Idan haruffa da lambobi suka saɓa, sai a sake bugawa, a sake bin kowa ya sa hannu. Tawaga mai mutum bakwai, biyu sun riga sun koma jiha, ka ga mako guda ya tafi.

Lissafin mai kuma a nan ne muka fi yaba wa shagunan da suka ƙware. Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a karkata arewa a mararrabar Tsarnawa. Zuwa da dawowa 1,100. A ce an ƙara 100 na zirga-zirgar cikin gari, ya zama 1,200. A ce ma'aikatarku tana lissafa wa babbar mota lita 15 a kowane kilomita 100, lita 180 ke nan. A kan farashin gazuwal na sefa 618 da aka sa a watan Yulin 2024, kuɗin sun kama sefa 111,240. Shago mai kyau zai nuna waɗannan matakan ɗaya bayan ɗaya a takarda, ba ya jefa jimla kawai ba, sannan ya gwama da abin da direba ya rubuta a littafin mota. Idan littafin ya nuna kilomita 1,150 amma rasiɗan gidan mai sun haura lita 250, za su gaya maka tun a shagon, gara ka ji daga bakinsu.

Farashi ba ya da yawa. Fotokofi sefa 25 ne shafi a galibin wurare, fitar da bugu daga kwamfuta wajen sefa 100, buga sabon shafi wajen dala ɗari. Dosiyen mutum ɗaya mai rahoto gajere, da kwafi biyu ko uku, jika biyu zuwa uku sun ishe shi. Na tawaga ya fi haka, kuma ana ciniki. Wasu suna neman a ba su kaso daga kuɗin mishon ɗin idan sun fito. Kada ka yarda da wannan, domin aikin bugu ne suka yi, ba su ne za su fitar da kuɗin ba.

Inda suke kasawa

Babban aibinsu tsohon zubi. Kusan kowane shago yana da fayil ɗin wani da ya riga ka, a kansa ake goge suna a sa naka. Ta nan ne matirikil ɗin wani ke maƙalewa a layinka, ko shekarar bara ta zauna a saman shafi, ko sunan ma'aikatar ya fito yadda yake kafin a yi garambawul a haɗe ta da wata. Sunayen ma'aikatun ministoci suna sauyawa duk lokacin da aka sake gwamnati, kwamfutar shago kuwa ba ta sauraren rediyo. Karanta kan takardar da kanka, harafi bayan harafi.

Sai rubutun suna. Mahamadou, Mamadou, Mahaman, Mohamed, a baki duk mutum guda ne, a banki mutum huɗu ne. Idan ta asusu za a biya ka, sunan da ke jadawalin ya zama daidai da wanda ke takardar RIB, wadda banki ke bayarwa ɗauke da bayanan asusunka, kuma lambar asusun ta cika gurabe 24: biyar na banki, biyar na reshe, goma sha biyu na asusu, biyu na mabuɗi. Masu bugu sukan yar da sifirin farko, musamman a Excel, wanda ke haɗiye sifiri idan ba a gaya masa rubutu ne ba. Kuɗin sai su tafi su dawo, kai kana gida kana zargin tirezor.

Batun sirri ma abin dubawa ne. Kwamfutar shago cike take da katin shaidar mutane, lambobin asusu da rahotannin da bai kamata su fita daga ofis ba, kuma duk wanda ya zo da kile, wato filashin USB, yana iya kwasa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita, amma da wuya ka sami mai shagon da ya taɓa tunanin abin ya shafe shi. Ka tsaya a goge fayil ɗinka a gabanka, har cikin kwandon shara na kwamfutar. Rahoton da ya shafi tsaro ko binciken kuɗi kuwa bai da abin yi a shago ko kaɗan. Kile da ya shiga kwamfutarsu kuma kada ya shiga ta ofis sai an wanke shi daga virus.

Wuta a watannin Afrilu da Mayu sai a hankali. Zaɓi shagon da ke da sola ko janareta.

Akwai kuma hidimar da ake yi ƙasa-ƙasa, wadda wasu ke ɗauka taimako ne: a ɗauko hoton hatimi daga tsohuwar takarda a manna a sabuwa, ko a ƙirƙiro rasiɗin otel, ko a shafa farin ruwa a kan kwanan wata a sake rubutawa. Wannan jabun takarda ne da amfani da jabu, laifi ne a dokar hukunta laifuka, kuma wanda sunansa ke kan ordur zai amsa, ba yaron shago kaɗai ba. Gane shi ma ba wuya. Hatimin gaske yana ɗan karkacewa, tawadarsa tana da kauri a gefe guda, wani lokaci ta huda zuwa bayan takarda. Na kwamfuta yana fitowa tsaf, iri ɗaya sak a takardu uku, har da ɗigon da ke gefensa. Shagon da ya yi maka tayin wannan, ka kwashe takardunka.

Abin da sai kai za ka yi a kan hanya

Ga inda gizo ke saƙar. Bayan ordur akwai gurabe na "an gan shi da isowa" da "an gan shi da tashi", kowanne da kwanan wata, sa hannu da hatimin hukumar wurin. Waɗannan ranakun su ake ƙirgawa, ba waɗanda aka rubuta a gaba ba. Ordur ya ce kwana biyar, hatimai suka nuna uku, uku za a biya, idan kuma an riga an ba ka na biyar sai ka mayar da ragowar.

Bas ɗin Tawa da asuba yake barin Yamai, ya isa da rana tsaka ko bayan azahar, gwargwadon tsaye-tsayen hanya. Idan Litinin ce ko Talata, kana da sararin wucewa ofishin gwamna ko darektan jiha na ma'aikatarku a buga maka isowa a ranar. Idan Juma'a ce, ofisoshi sun tashi tun kafin masallaci, ba za ka sami kowa ba sai Litinin, kuma sakataren da ka tarar ran Litinin kwanan watan Litinin zai rubuta. Kwana uku sun zube. Wasu sukan je kwamisariya ko wurin jandarma a buga musu, amma ba kowane ofishin kuɗi ke karɓar wannan ba, don haka tambayi kontabul ɗinku tun kafin ka tashi. Mafi sauƙi dai kada a tsara isowa ran Juma'a da yamma.

Idan mishon ɗin ya ratsa gundumomi, kowane zango da hatiminsa: Illela, Keita, Buza, Madawa, a ofishin perfe ko a meri. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024, kantomomi ne ke riƙe da meri, sa hannunsu ko na babban sakatarensu shi ake samu. Garin da ba a rubuta a ordur ba, ko ka je ko an buga maka hatimi, ba ya cikin lissafi. Masu zuwa Tillia da Tasara, inda dokar ta-ɓaci ke aiki tun 2017, su sani jiran rakiya ko sauyin hanya yana iya ƙara kwanaki. Kwanakin da suka haura na ordur ba sa biyan kansu, sai an nemi takardar tsawaitawa daga wanda ya sa hannu a ta farko. A kira shi tun ana can, a tura saƙo a rubuce ko ta WhatsApp ne, domin a sami abin nunawa.

Tikitin bas na zuwa da na dawowa, a duba sunanka da kwanan wata suna kai. Rasiɗan peyaji, wato kuɗin bin hanya, a ajiye su duka. Rasiɗin gidan mai ya ɗauki kwanan wata, yawan lita da lambar mota. Abin da aka saya wa aikin, ko hayar zauren taro, yana buƙatar faktir, wato takardar ciniki, mai ɗauke da NIF, lambar harajin mai sayarwa, kuma yanzu an fi neman faktir ɗin da ofishin haraji ya tantance, mai ɗauke da alamar QR, inda harajin TVA na kashi 19 cikin 100 ya fito a fili idan mai kayan yana cikin masu karɓarsa. Takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta aka rubuta "na karɓa" ba faktir ba ce.

Yawancin waɗannan ƙananan rasiɗan a takardar zafi ake buga su, irin mai santsin nan. Ka bar ta a gaban mota rana guda a zafin Tawa, ko ta kwana biyu a aljihu da gumi, sai ka tarar ta koma fara fat ko ta yi baƙi. Ɗauki hotonta da waya a wurin da aka ba ka, ka sa ta cikin ambulan nesa da rana, ka yi fotokofi a garin farko da ka samu. A dosiye ana manna ta asali a kan farar takarda, kwafin a gefenta. Da gam ko ƙusar takarda ake mannawa, domin salatif yana cinye rubutun da ke ƙarƙashinsa cikin ƴan makonni. Shagunan da suka san aiki sun san wannan, sauran kuwa za su lulluɓe maka rasiɗin da salatif su ce sun adana shi.

Idan taron da ka je masu shiryawa sun ɗauki nauyin kwana da abinci, ko sun biya ka kuɗin kwana a can, ka faɗa. Ba a cin kuɗin kwana biyu a kan dare ɗaya, kuma takardar da ka sa wa hannu a zauren taro tana nan a ajiye a wani ofis.

Masu tafiya waje nasu ya ɗan bambanta: ordur daga sama ake sa masa hannu, hatimin ƴan sandan filin jirgin Diori Hamani shi ne shaidar fita da shigowa, kuma guntun katin shiga jirgi na kowane zango yana cikin hujjoji.

Lokacin kai dosiye

Rahoton mishon ba ya buƙatar shafi ashirin. Dalilin tafiya, waɗanda suka je, ranaku da wurare, abin da aka yi, abin da aka gano, shawarwari, sa hannun shugaban tawaga. Ranakun cikin rahoton su dace da na hatimai, domin nan ne mai dubawa ke fara gwamawa. Shago zai iya gyara maka zubi, amma kada ka bar su su rubuta maka abin da ba su gani ba. Sa hannu da biro shuɗi, don a bambance ta asali da kwafi.

Jerin da aka fi so: takardar rakiya a sama, ordur na asali, takardar bayanin aikin ko ta gayyata, jadawalin biya, rahoto, sannan rasiɗai bisa kwanan wata. Kada a ɗinke da zoben roba, domin ofishin kuɗi zai ware takardun, maƙali ko jakar kwali sun isa. Ka riƙe cikakken kwafi, kuma a buga maka hatimin karɓa da lamba a kan naka kwafin ranar da ka miƙa.

Ko dosiye ya cika, biya yana jiran a saki kuɗi, wanda ake yi kashi-kashi cikin shekara, galibi duk wata uku. Shekarar kasafi daga 1 ga Janairu take zuwa 31 ga Disamba, amma ana rufe keɓe kuɗi makonni kafin ƙarshenta. Mishon ɗin Oktoba da aka bar takardunsa a aljihun tebur har Disamba yana iya faɗawa cikin basussukan da ke jiran wata shekara. A ƙa'idar UEMOA, haƙƙin da ba a nema ba har shekara huɗu, ana ƙirgawa daga farkon shekarar da ta biyo bayan wadda aka yi aikin, ya faɗi. Lambar karɓar nan da aka buga maka ita ce shaidar cewa ka nema.

Shugaban tawaga mai mutum biyar ko fiye, da sabon ma'aikacin da bai taɓa haɗa dosiye ba, da wanda ofishinsu ba firinta mai aiki, su ne za su fi cin moriyar waɗannan shagunan. Wanda ma'aikatarsu ke da sakatare a sashen kuɗi mai zubin da kwanturola ya riga ya saba da shi, ya fara da can, ya bar wa shago fotokofi kawai. Kafin ka zauna a kowane shago, nemi su nuna maka jadawalin da suka taɓa yi, a rufe sunayen, ka sauya yawan kwanaki a layi ɗaya ka ga ko jimlar ƙasa ta motsa.